Tsohon Masuncin da Aka Bari a Baya

Akwai wani tsohon masunci a wani ƙauye na bakin kogi. Al'adar masuntan garin ita ce su fita tare, kwalekwale kusa da kwalekwale, suna buga filafili a jikin katako, gama dorina ba ta tunkarar taro mai hayaniya.

Da ƙarfin tsohon ya ragu, sai ya riƙa zama na ƙarshe. Wata safiya shugabansu ya ce masa, "Baba, kana ja mana baya, kasuwa kuwa ba ta jira. Ka biyo mu a hankali." Suka wuce abinsu. Mutanen da shi ne ya koya wa rabinsu saƙar taru!

Tsohon ya yi ta tuƙi har hannuwansa suka mutu, ya tsaya ya huta. Da ya duba cikin ruwa, sai ga ƙananan kifaye garke guda, suna tafe a manne da juna. Giwan ruwa, babban kifin nan mai cin ƙanana, ya kawo musu hari. Suka juya gaba ɗaya kamar jiki guda. In ɗaya ya hango, duka sun sani, giwan ruwan kuwa ya rasa wanda zai sa wa ido. Har wani mai yagaggiyar wutsiya ya tsira a tsakiyarsu.

Ran tsohon ya ɓaci, ya ce, "Kai! Kifi ma ya fi mu zumunci."

Bai rufe baki ba dorina ta taso. Ta ga kwalekwale ɗaya tilo, shiru, ta kife shi.

Da yamma masuntan suka tarar da filafilinsa yana yawo a kan ruwa. Suka kaɗa kai, suka ce, "Kwanansa ne ya ƙare." Ku ji rashin kunya!

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kogin nan duniya ce. Dorinar kuwa Iblis ne, wanda ba ya tunkarar taro, sai wanda aka ware. Masuntan kuwa mu ne. Mun iya zargin wanda ya daina zuwa sujada, amma wa ya fara barin wani? Ciwon ƙafa ya kwantar da gwauruwa, ba wanda ya leƙa ta. Ɗan'uwa ya yi tuntuɓe, mun ja kujerarmu nesa da shi. In ya nutse, mu ce ƙaddara.

Ranar da za mu tsaya a gaban Ubangiji, ba yawan kamu zai tambaye mu ba. Cewa zai yi, "Tare kuka fita. Ina tsohon?"