Fadamar da Gazali ya rufe da kore

Akwai wani dattijo a Tambuwal, Malam Ladan, wanda ya shekara talatin yana zana taswirar gonaki da hannu. A zamaninsu takarda mai shara-shara suke amfani da ita. A zana gonaki a ɗaya, burtalin shanu a ɗaya, a ɗora su a ɗaga wa rana, kowa ya ga nasa. Allah sarki! Har yau idan ya tuna ƙamshin tawadar nan sai ransa ya sosu, don tun da kwamfuta ta zo ba wanda ya sake tambayarsa komai.

Rannan ɗan ƙanensa Gazali, malamin gona, ya ɗauke shi rakiya zuwa Kebbe. Manoma da makiyaya ne ke jayayya kan wata fadama, an kira zaman sulhu, kuma in aka tashi baram-baram to daminar bana sai yadda Allah ya yi.

A hanya Gazali ya nuna masa hoton fadamar da zai haska a bango daga kwamfutarsa. Ya zana da'ira ja ta makiyaya, ya danne ta da koriya ta manoma. Malam Ladan ya ce ja ɗin fa ta ɓace. Gazali ya yi dariya.

"Baba, wanga aiki ba na zamaninku ba ne."

Maganar ta yi wa tsoho zafi.

Ai kuwa ana haska hoton a bango, shugaban makiyaya ya miƙe ya ce tunda an riga an shafe su, zaman me za su yi? Mutanensa suka fara neman takalmansu. Gazalin da ya cika baki sai ga shi yana zufa, ya matso ya durƙusa.

"Baba, yaya za ni yi?"

"Rage kaurin launinsu, ɗana, su yi shara-shara har a hango ta ƙasa."

Gazali ya rage. Sai ga da'irorin biyu sun fito, inda suka haɗu ya yi wani launi daban. Malam Ladan ya tashi ya ɗora yatsa a wurin, ya ce nan ne iyayensu ke noma da damina, bayan girbi shanu su ci kara su bar taki.

Shugaban makiyaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tuɓe takalminsa ya koma kan tabarma.

Darasi: Sabon kayan aiki ba ya maye gurbin wanda ya daɗe yana aikin, kada ka raina shi. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.