Yadda Samari Suka Ɓoye wa Tasalla Maganarsu

Dalilin da ya sa samari ke da sararsu wadda manya ba sa ganewa, ku matso ku ji, yara.

A da can, a garin Kwargaba, bakin kowa ɗaya ne. Yadda tsoho ke magana, haka jikansa ke yi. Sai wata shekara mahara suka ci garin, suka sa samari haƙar kanwa tun safe har faɗuwar rana.

Akwai wata mata, Tasalla, mai 'ya'ya biyu, Nomau da Jatau. Wata rana Nomau ya ce, "Inna, ki yi mana guzuri. Ran kasuwa za mu tsallake kogi mu gudu."

Tasalla ta kasa riƙe kuka. Tana daka maƙwabciya ta tambaye ta, ta gaya mata, ita kuma ta gaya wa mijinta. Ba wanda ya nufi sharri, amma ran kasuwa mahara na jira a bakin kogi. Samari tara suka kashe, har da Nomau.

Jatau ya tsira. Bai zagi uwarsa ba, bai daina gaishe ta ba. Sai dai shi da abokansa suka sake wa komai suna. A gabanta ya yi magana irin ta kowa, da abokai sun shigo sai ta ji baƙon zance.

"Jatau, mece ce fara?"

"Mahara ke nan, Inna."

Kashegari suka yar da kalmar, suka ƙirƙiro wata. Duk wadda ta gane, sai su bar mata ita.

"Ɗana, ni fa na haife ka."

"Ke kika haifi Nomau ma, Inna," ya ce a hankali.

Wata la'asar ta ji ya ce wa abokinsa, "Gobe a saki akuya." Ta yi murna, ga maganar da ta gane. Da safe ta kwance akuyarta ta kai ta kiwo. Kafin ta dawo samari sun tsallake kogi. Ba sallama, ba guzuri. Ta zauna da igiya a hannu, ba ta sake ganinsa ba.

Can inda Jatau ya tsufa, 'ya'yansa suka yi masa haka shi ma.

Shi ya sa har yau samari ke magana biyu, ta gaban manya da ta tsakaninsu, kuma da babba ya kama kalmarsu, sai su sake wata.