Bakin Garmar Kurmin Tsada

To, jama'a, ku gyara zama. Labarin yau na gardama ne, in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A garin Kurmin Tsada akwai wata kwalejin koyon sana'a, shugabarta Hajiya Tabawa, mace mai raha amma ba ta son wasa da aiki. Abin da ya daɗe yana damunta shi ne sashen ƙere-ƙere. Ɗalibai sukan haddace sunayen ƙarafa tamkar karatun allo, amma in ka miƙa wa ɗayansu guntun ƙarfe ka ce mene ne wannan, sai ya hau sosa ƙeya. Da ta ji an buɗe horo na wata uku don koya wa malamai yadda za su koyar da ilimin kayan ƙira, ba ta tsaya dogon shawara ba, ta tura mutum uku: Malam Sallau, Malam Mamuda da Malama Ramatu. A can aka raba su. Sallau ya koyi sanin ƙarfe, Mamuda ya koyi yumɓu da bulon da ke jure wuta, ita kuwa Ramatu ta koyi yadda zafi ke sauya halin ƙarfe.

Ba su yi mako biyu da dawowa ba sai ga Sarkin Noman garin ya shigo ofishin Hajiya da buhu a kafaɗa, ya zazzage shi a gabanta. Bakin garmar shanu ne, wasu a lanƙwashe, wasu a karye.

"Hajiya, damina ta ƙarato," in ji shi. "Na kasuwa ba ya yin kwana uku a gona. An ce kun tura malamai sun ƙaro ilimi. To ga ilimi, ga garma."

Hajiya ta yi dariya ta ce, "Sarki, ka zo da jarrabawa tun ba mu gama sharar aji ba." Amma ta karɓa. Ta kira malaman ta kafa musu sharaɗi guda: ba wanda zai taɓa aikin da hannunsa. An tura su koyon koyarwa, don haka ɗalibai za su yi komai.

Malam Sallau ne ya fara. Ya kwashi ɗalibansa zuwa wurin 'yan gwangwan, suka kwaso tarkace iri-iri. Ya sa suna kanga kowane guntu a dutsen wasa na inji suna kallon tartsatsin. Wanda tartsatsinsa ke tafiya dogo babu rassa, wannan mai laushi ne. Wanda nasa ke fashewa yana tarwatsewa, wannan zai yi tauri. Da suka gwada bakin garmar da Sarkin Noma ya kawo, ɗaliban da kansu suka gano cewa da ƙarfe mai laushi aka ƙera yawancinsu. Suka yi ta gwaji har suka tsaya a kan tsohon sifirin na mota. Ba don wannan ba, da an ɓata damina ana dukan ƙarfen da ba zai taɓa yin ƙwari ba.

Sai dai tanderun kwalejin ya tsage tun shekaru, ba ya riƙe wuta, gefe ɗaya na ƙarfe ya yi ja, ɗaya gefen yana baƙi. Nan Malam Mamuda ya shigo. Ya bi da ajinsa bakin rafi suka haƙo yumɓu, suka roƙi buntun shinkafa wurin masu injin casa, suka riƙa cuɗawa. Karo na farko bulon ya fashe a wuta. Na biyu ya ruɓushe kamar alkaki. Hajiya ta leƙo ta same su duk sun yi buɗu-buɗu, malamin da ɗaliban ba ka bambance su, ta ce, "Malam, ko dai tukwane za mu koma yi ne?" Ya ce ta ba shi kwana huɗu. A karo na biyar ma'aunin ya daidaita, ɗalibai suka gina tanderun da ke dafa ƙarfe daga baki har gindi daidai wa daida. Ba don wannan tanderu ba, sifirin ɗin da sai dai a ajiye shi ana kallo.

Aka ƙera bakin garma na farko, aka tsoma shi a ruwa, ya fito da tauri, kowa na murna. Da aka buga shi a dutse sai ya tarwatse kamar tangaran. Sai Malama Ramatu ta sa ɗalibanta suka tsince gutsattsarin suka duba wurin karayar. Daga nan ta bi da su mataki mataki: a tsoma a mai maimakon ruwa, a goge fuskar ƙarfen ta yi haske, a mayar da shi wuta kaɗan-kaɗan ana lura da launinsa. Daga launin zuma ya koma ja-ja, daga nan ya yi shuɗi irin na wuyan tantabara. Wata ɗaliba ce ta fara ɗaga murya, "Malama, ga tantabarar nan!" Aka cire shi nan take. Wannan karon dutsen ne ya ji jiki. Ba don ita ba, da manoma sun kai gona abin da zai fashe a kunyar farko.

Ruwan shuka ya sauka, garmuna suka shiga gonaki, har aka gama huɗa ba wanda ya dawo da karyayye. Sarkin Noma ya aiko wa kwaleji rago da buhun gyaɗa, aka yi walima a filin makaranta.

Labari ya kai hukumar ilimi. Sai ga takarda: an buɗe sabuwar cibiyar horar da malaman yankin gaba ɗaya, ana so Hajiya Tabawa ta aiko da mutum ɗaya cikin ukun ya shugabance ta. Ɗaya tak, kuma kafin Juma'a.

Ta tara su ta karanta musu. Sallau ya gyara hula ya ce, "Hajiya, ai kafin a ɗora tukunya sai an san abin da za a dafa." Mamuda ya ce, "Ka san shi ɗin, a ina za ka dafa?" Ramatu ta yi murmushi ta ce, "Ni dai na ga abin da kuka dafa kafin in zo." Duk suka fashe da dariya, har da Hajiya. Suka fita suka bar ta da takarda a gabanta, alƙalami a hannu, ta rubuta wannan ta soke, ta rubuta wancan ta soke.

To, ga alƙalamin na miƙa muku. Tsakanin Sallau, Mamuda da Ramatu, sunan wa ya kamata Hajiya Tabawa ta rubuta?