Kujerar da ke Kusa da Zuwaira

Ku matso, yau akwai shari'a, kuma ku ne alƙalai.

A wata unguwa a Kano an yi wata budurwa, Zuwaira, wadda in ta ji maganarka sau ɗaya, to muryarka ta zama tata. Ranar nan saurayinta Sagir ya riske ta tana kwaikwayonsa, ƙawaye na ta tuntsira dariya. Washegari ya zo zance, ya karkata hula, ya ce, "Ehem. A gaskiya, Zuwaira, ni mutum ne mai daraja. Ki nemi wani." Ta shige ɗaki, ta yi ta kuka har hawaye suka ƙafe.

Ƙawarta Hansai ce ta ji ana neman sababbin fuskoki a wani fim. Ta shigo ta fizge mata bargo. "Tashi, 'yar nan. Bakin da ya korar miki saurayi shi zai ci da ke." Ta ja ta har cikin adaidaita sahu, ta tsaya mata a layi, rana na dukanta, aka rubuta sunanta.

Sai dai masu fim ba sa ɗaukar yarinya sai da yardar iyaye, mahaifinta kuwa ya ce ba da yawunsa ba. Goggo Uwani, yayarsa, ta yafa mayafi ta iso. "Kai Audu, ni na goya ka. Duk inda za su ɗauki hoton nan, ina gefe da carbina." Malam Audu ya sunkuyar da kai, ya ce to, Yaya.

Ranar gwaji darakta ya ce, "Saurayinki ya rabu da ke. Yi kuka." Zuwaira ta matse ido, ko ɗigo. Ta shinshini albasar da ta ɓoye a mayafi, sai atishawa. Darakta ya buɗe baki zai kira mai bi mata, sai Zuwaira ta cafe hular mai kyamara, ta karkata ta a ka, ta turo ciki. "Ehem. A gaskiya, ni mutum ne mai daraja." Mai kyamara ya zame daga kujera don dariya. Goggo ta ɓata lissafin carbinta. Nan take aka ba Zuwaira wani fim ɗin barkwanci.

Yanzu za a fara haska fim ɗin, an ba ta kujera ɗaya tak a gefenta. Hansai ta ce ba don ita ba, da har yau tana cikin bargo. Goggo ta ce ba don ita ba, da ko zaure ba ta wuce ba. Sai ga Sagir da sabuwar shadda: "Ehem. A gaskiya, maganar tawa ce, karin hular ma nawa ne."

To, jama'a, wa za ta zaunar a kujerar nan?