Mai Jan Fankar Attajirin Auduga

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum a garin nan namu na Multan, tun kafin Turawa su shigo. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin 'yan uwansa suna cikin sahun nan, kuma ba su suka yi ba. Attajirin auduga ne, rawaninsa fari tas, sallarsa a sahun farko. Ana ce masa Miyan Sahib, laƙabin girmamawa ne, ba sunansa ba.

A shekarar da ruwa ya ƙi sauka, wata mata mai suna Bakhtan ta zo daga ƙauye riƙe da hannun ɗanta Wasaya, ɗan shekara bakwai. Ba ta nemi lada ba. Ta ce, "Miyan Sahib, ka ba shi gurasa kawai ya rayu. Amana na kawo maka."

Ya ce, "Je ki, baiwar Allah, ai ɗana ne."

Ɗansa! Kun ji ƙarya da rana tsaka.

Kun san zafin garin nan, ba sai na gaya muku ba. A zamanin, fanka ta zane ce, rataye a rufin ɗaki, igiyarta ta bi ta wata 'yar kafa a saman bango ta fita waje. A wajen yaro ke zama, bayansa jingine da bango, igiyar ɗaure a babban yatsan ƙafarsa, yana ja tun hantsi har la'asar sakaliya. Aikin da aka ba Wasaya ke nan. Abincinsa ƙanzon tukunya da ƙwallon mangwaron da wani ya riga ya tsotse. In gyangyaɗi ya sace shi fanka ta tsaya, sai bulala.

Masu kuɗi kuwa kurame suke nema wa wannan aiki, don kada yaro ya ji sirrin ɗaki. Wata rana mutumin nan yana yi wa abokinsa alfaharin yadda yake yayyafa wa auduga ruwa ta ƙara nauyi kafin a auna. Abokin ya yi wani barkwanci. Sai suka ji 'yar dariya ta kafar bango. Yaro ne fa, ya ji abin dariya ya dara.

Abokin ya ce, "Af, Miyan, ashe mai fankarka na da kunne? Rowa ce ta hana ka neman kurma?"

Mutumin ya fita a fusace. Ya ware tafukansa biyu ya haɗa su a kan kunnuwan yaron. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, har jini ya biyo wuya. Ya dawo yana goge hannu a riga, ya ce, "Ga kurma nan, kyauta."

Daga ranar Wasaya bai sake jin ko kiran salla ba. Tunda tsawa ta daina amfani, sai maigida ya shigo da sabuwar dabara: in yana son iska ta ƙaru, ya fizgi igiyar daga ciki. Yaro ya ji fizga a yatsa, ya san ko ya ƙara ƙarfi ko ya sha duka.

Da kaka ta yi, Bakhtan ta zo ganin ɗanta. Ta tsaya a bayansa ta kira shi sau uku, bai waiga ba. Mai dafa abincin gidan ce ta raɗa mata abin da ya faru. Ta ce a ba ta ɗanta. Mutumin ya ce, "Wane ɗa? Gurasata ce naman jikinsa. Ku fitar min da ita."

Ana jan ta tana cewa, "Ba ni da sarki, ba ni da alƙali. Na bar ka da wanda ya halitta masa kunnuwan!"

Shekara huɗu ba abin da ya sami mutumin. Dukiya ma sai ƙaruwa. Kuna tsammani an manta? Wallahi ba a manta ba.

Ran nan aka yi bikin shekara na wani waliyyin garin, matan gida da barori duk suka tafi ziyarar kabarinsa, aka bar Wasaya a bakin igiya. Mutumin ya shiga ɗaki da azahar, ya sa kwaɗo ta ciki kamar kullum, don bai yarda da kowa ba. Ɗakin cike da buhunan audugar gwaji. Ya kwanta yana zuƙar hukka, tukunyar tabar nan mai garwashi a ka, barci ya kwashe shi, garwashi ya faɗo kan auduga.

Ya farka cikin hayaƙi. Ya lalubi mabuɗi, babu. Ya yi ihu, "Wasaya! Tsaya! Kira mutane!" Taku biyu ke tsakaninsu, bango ɗaya. Wa zai ji? Fanka na kai da kawowa tana hura wutar kamar zugazugin maƙeri. Ya yi tsalle ya kama igiyar ya fizga don ya tsayar da ita. Yaro ya ji fizga, ya ƙara ƙarfi. Ya sake fizga, yaro ya ƙara, yana kuka, yana tsoron bulala. Sai da igiyar ta ƙone ta tsinke sannan ya waiga.

Maƙwabta suka ɓalle ƙofa suka jawo shi da rai, kuma wallahi da mutuwa ta fi masa sauƙi. Gida da rumbun auduga suka zama toka. Fuskarsa ta narke, hannayen nan biyu suka ƙanƙance. Abokin barkwanci ko sannu bai zo ba. Bakhtan ta zo ta kama hannun ɗanta ta fita ta babbar ƙofa, ba wanda ya hana ta. Ni dai ban taɓa jin tausayinsa ba, Allah ya yafe min.

Da ya ga ciwo ba na tashi ba ne, ya kira malami. Malamin ya gaya masa gaskiya: haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Mutumin ya sa aka ɗauke shi a gadon igiya har ƙauyen. Ya ce, "Bakhtan, don Allah ki yafe min."

Ta ce, "Ni? Kunnuwana lafiyarsu lau. Ga mai haƙƙin nan, gaya masa."

Ya tattara sauran numfashinsa ya ɗaga hannu yana roƙo, "Wasaya, ka yafe min! Ka yafe min!" Yaron ya ga baki a buɗe, ya ga hannaye biyu sun taso. Sai ya rufe kansa ya ruga bayan uwarsa. A hanyar komawa mutumin ya cika.

Ya 'yan uwa, wa ke wanke muku tukwane? 'Yar wa ce ke goyon ɗanku, ita ma ba ta wuce goyo ba? Ta ci abin da kuka ci yau? Kun ce ba ta da kowa. Tana da Ubangiji, kuma shi ba kurma ba ne. Wanda ya san ya taɓa ɗan wani, ya tashi daga nan ya je ya roƙe shi tun ana iya jin sa.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar marasa ƙarfi, ya kiyaye hannayenmu daga 'ya'yan mutane. Amin.