Ganye a Kan Hanyar Kasungu

Akwai wani malamin falsafa a wata jami'a da ke Zomba, ana ce masa Dakta Likoswe. Dogo ne siriri mai furfura a gefen kunne, kuma kowa ya san shi da abu guda: ba ya ƙarya. Ko irin wadda baƙo ke yi, ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa na kuka, Dakta ba ya yin ta.

Shi ke koyar da sababbin ɗalibai, shi ne kuma mai kula da su, don haka lambarsa ce a hannun iyaye.

Wata safiya ya shiga aji ya ja layi biyu a allo, ya raba shi gida uku.

Ya ce, "Masana sun daɗe suna gardama kan abin da ke sa aiki ya zama daidai ko kuskure. 'Yan gida na farko sun ce a dubi ƙarshen abu. Idan aikinka ya rage wa mutane wahala, ka yi daidai. 'Yan gida na biyu sun ce a'a, akwai ƙa'idar da ba a takawa ko sama da ƙasa za su haɗe. Ƙarya ƙarya ce, ko da daɗi za ta haifar. Na uku kuwa cewa suka yi a tambayi kai: mutumin kirki, me zai yi a nan?"

Wani ɗalibi mai suna Fatsani, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga hannu. "Malam, kai a wane gida kake haya?"

"Na biyu. Kuma ba haya nake ba, ginawa na yi."

"To idan Madam ta zuba wa miya gishiri ya zarce, ta ce maka yaya miyar?"

"Sai in ce gishiri ya zarce."

Fatsani ya dafe kai. "Wayyo! Ashe shi ya sa Malam ba ya ƙiba."

Aji ya kwashe da dariya, har shi Daktan sai da ya murmusa.

Can gefen taga wata yarinya mai sanyin murya, Tawonga, ta ce, "Malam, gida na ukun fa? Ba ka ce komai a kansa ba."

Dakta ya yarfa hannu. "Wannan yana da daɗin ji, amma ranar da abu ya taso ba zai ce miki ki yi dama ko hagu ba."

Bai san ranar tana bakin ƙofa ba.

Yana komawa ofis wayarsa ta yi ƙara. Muryar wani dattijo ce, a dashe.

"Malam, ni ne Mhango, kawun Tawonga, daga Kasungu. Ƙanwata, uwar yarinyar, ta cika yau da asuba."

Dakta ya yi masa ta'aziyya. Dattijon ya ci gaba.

"Abu ɗaya nake roƙo. Ka ce mata jikin ne ya tashi, ka sa ta a mota. Mun hana kowa kiran ta. Lokacin da ubanta ya rasu, a kasuwa wani ya yaɓa mata maganar, ta yanke jiki ta faɗi, sai a asibiti ta farfaɗo. Don Allah ka rufa mana asiri, ta iso gida tukuna."

Kafin Dakta ya buɗe baki, an kashe wayar.

Ya ajiye wayar. Ba wani baƙon abu aka nema a wurinsa ba, haka ake yi tun kaka da kakanni. Shi kansa haka aka yi masa.

Yana makarantar kwana shugaban makaranta ya kira shi ya ce, "Babanka ba ya jin daɗi, je ka duba shi." A tasha ya sayi lemo, don tsohon yana son lemo. Ya shiga mota yana ta hira da mutane. Dab da ƙauyensu direba ya rage gudu, sai ga ɗanyen ganye an shimfiɗa a kan hanya. Kowa ya san ma'anar wannan: akwai gawa a kusa, mai mota ya tafi a hankali, mai keke ya sauka ya tura.

Ya ce, "Wa ya rasu kuma?" Wata tsohuwa ta dubi ledar lemon da ke cinyarsa, ta kau da kai.

Ranar bai yi kuka ba. Fushi ne ya cika shi, ganin kowa ya sani ban da shi, har da direba. Tun daga nan ya yi wa kansa alkawari, bakinsa ba zai taɓa aika wani da lemo gidan gawa ba.

To yau ga shi a tsakiya. Idan ya bi gida na farko, ya yi ƙaryar, yarinya za ta kama hanya lafiya, amma ganye ne zai gaya mata, ita kaɗai a cikin baƙi. Idan ya bi gidansa na biyu, ya kira ta ya faɗa mata a barandar ofis, shi dai ya fita, bai yi ƙarya ba. Ita kuma fa? Ta faɗi a kan siminti, ko ta yini a motar haya tana kuka ba mai riƙe ta.

Ya juya wannan, ya juya wancan, babu wanda ya kwanta masa. Karon farko a rayuwarsa ya ji kunyar yadda yake taƙama da gaskiyarsa.

Ya ɗauki waya ya kira matarsa Nabanda, wadda ke koyarwa a firamare.

"Ki nemi izini ki dawo gida yanzu. Ki fito da zani biyu."

Ta kira shi da sunan ɗansu, ta ce, "Baban Dalitso, wa ya rasu?"

"Uwar wata ɗalibata. Ina bukatar hannunki, nawa ba zai isa ba."

Ya sami Tawonga a gindin bishiya tana cin gyaɗa da ƙawayenta. Tana ganin fuskarsa ta miƙe, gyaɗar ta zube.

"Malam, Mama ce? Hawan jinin ne?"

Ya tsaya a gabanta. Ta matso.

"Malam, kowa ya san ba ka ƙarya. Mama tana da rai?"

Kalma ɗaya kawai ake so. Idan ya ce e, ta samu natsuwar yini guda. Idan ya ce a'a, ta zube a gabansa. Ƙawayenta sun zuba masa ido.

Ya ce, "'Yata, ba zan yi miki ƙarya ba. Kuma ba zan amsa miki a tsaye a bakin hanya ba. Zo mu je gida, mamanki Nabanda tana jiran mu."

Bai taɓa ce wa ɗaliba 'yata ba. Tawonga ta bi shi.

A gida Nabanda ta riga ta shimfiɗa tabarma. Ta zaunar da yarinyar, ta zauna a bayanta ta rungume ta. Dakta ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Tawonga, Mama ta rasu yau da asuba."

Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo. Jikinta ya saki gaba ɗaya, amma babu inda za ta faɗi, tana hannun mutane. Nabanda na shafa mata ruwa a fuska tana cewa, "Yi kukanki, 'yar nan, yi abinki. Ina riƙe da ke."

Da ta ɗan lafa, Dakta ya ce, "Ba za ki shiga motar haya ba. Mu za mu kai ki."

Ya fita waje ya kira Mhango. "Baba, na faɗa mata."

Dattijon ya hau shi da faɗa. "Haba Malam! Abu ɗaya tak na roƙe ka. Ku masu karatun nan ba ku jin magana. Idan wani abu ya same ta a hanya, kai ka sani."

"Ni na sani. Ga ni nan tafe da ita, ni da iyalina."

Hanyar Kasungu ba kusa ba ce. Tawonga ta yi kuka har suka wuce Balaka, barci ya ɗauke ta a kafaɗar Nabanda. A Dedza aka saya mata soyayyen dankali, ta ce ba ta ci, Nabanda ta ce ita ma to ba za ta ci ba, su zauna da yunwa tare. Dole ta ci.

Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba su labarin yadda uwar ke noma gyaɗa, da yadda take yi wa kajinta faɗa kamar 'ya'yan da suka ƙi zuwa coci. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, aka bar ta ta yi. Dakta dai tuƙi yake, yana duban ta a madubi lokaci zuwa lokaci.

Da yamma suka bar kwalta suka shiga jar hanya. Ba su yi nisa ba sai ga shi: ɗanyen ganye, shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan. Daga nesa ana jin waƙar matan coci.

Dakta ya taka burki. Ya juyo don ya ga ko yarinyar za ta iya, sai ya tarar tana ɗaura zani a nutse. Idanunta sun kumbura, amma tana nan daram.

Shi ne ya kasa. Hannunsa ya maƙale a sitiyari, kafaɗunsa suka fara rawa. Mutumin da ɗalibai ke cewa ko albasa ba ta sa shi hawaye, ga shi yana kuka kamar yaro.

Tawonga ta ce, "Malam, lafiya?"

Da ƙyar ya ce, "Ni ganye ne ya gaya mini mutuwar babana. Ina riƙe da lemon da na saya masa."

Yarinyar ta sauka, ta zagayo ta buɗe ƙofarsa.

Ta ce, "Baba, sauko. Ni na yi kukana a hannunku tun safe. Kai ba ka samu wanda ya riƙe ka ba. Zo mu shiga tare."

Haka suka tsallake ganyen a ƙafa, su uku. Mhango yana zaune cikin maza a gindin mangwaro, ya shirya ganin an shigo da ita ranga-ranga. Sai ya ga 'yar ƙanwarsa ta shigo da ƙafarta, ƙannenta mata sun rugo, ita ce ma ta tare su ta rungume.

Dattijon ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi, ya kama hannun Dakta da hannu biyu, bai kai shi kujerun baƙi ba, sai ya zaunar da shi a tabarmar dangi.

A nan Dakta Likoswe ya yi zaman makokin ubansa.

Darasi: Faɗar gaskiya wajibi ne, duba abin da za ta haifar hankali ne, amma mutumin kirki ba ya jefa wa ɗan'uwansa gaskiya mai nauyi ya juya baya. Yana nema masa wurin zama, ya faɗa masa, sannan ya raka shi. Idan labarin nan ya taɓa ka, tura wa wani, wataƙila gobe shi za a ba saƙo mai nauyi ya kai.