Kamun Hannun Haladu

Ku gyara zama. Wannan labarin ni zan fara shi, amma ku ne za ku ƙarasa.

Hansai ta fara ganin Haladu ne a rumfarsa ta gyaran rediyo, ranar da innarta ta aike ta sayen wayar shanya. Ba shi da abin awo sai hannunsa. Ya riƙa ɗora wayar daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa yana ƙirgawa, har ya kai kamu goma, ya yi ƙulli. Sai ya ƙara jan wani ɗan tsawo bayan ƙullin kafin ya yanke, ya ce wannan gyara ne. Ta karɓa ba ta ɗago kai ba, amma har ta isa gida tana shafa ƙullin nan da babban yatsa.

Haladu yana da wani akwatin rediyo da ba irin namu ba, ana saurare da shi, ana kuma magana ta cikinsa da mutanen nesa. Ya koya wa abokansa uku aiki da shi har suka samu lasisi: Sallau mai gyaran janareto, Tanimu mai hawan giginya, da Ilu tela. Da aikin haƙar rijiyoyi ya kira shi can cikin hamada, inda salula ba ta aiki, sai ya bar musu babban akwatin ya tafi da wani ƙarami, ya ce duk Juma'a bayan la'asar zai kira. In eriya ta lalace su yi wata, waya biyu, dama da hagu, kowace kamu ashirin da biyu.

Ranar sallama ya tambayi Hansai ko za ta jira shi. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ce ba komai, ta ba shi amsa ta akwati. Ranar da ya ji, motar abincin da ta fara zuwa sansaninsu ita zai biyo gida.

Hadarin farkon damina ya tsinke eriyar ya jefa ta kogi. Maimakon abokan su haɗa kai, kowa ya ce tasa za ta fi.

Sallau ya warware jan ƙarfe mai kyau daga wani ƙonannen janareto, ya auna da gajeren hannunsa, ya ɗaura a kan gora biyu bisa soro. Masu akwati na garuruwan kusa suna jin sa raɗau. Hamada ba ta ji shi ba.

Tanimu ya samo wayar shinge mai tsatsa, ya auna da dogon hannunsa, ya kai ta ƙololuwar giginya. Tasa ta fi kowace kama murya, har numfashin Haladu ana ji. Amma in an yi magana ta cikinta, sai ka ce an yi kira a cikin rijiya.

Ilu ya harhaɗa guntayen waya kamar mai faci, ya shimfiɗa tsakanin zaure da rumbu. Tasa ba ta kawo komai ba sai shuuu irin ta ruwa a kan kwano.

Duk Juma'a sai a ɗauki akwatin daga wannan gida zuwa wancan, ana gardama. Sallau ya ce eriyar Tanimu awaki kaɗai take tsarewa. Tanimu ya ce kamun Sallau ko na ɗan yaye ya fi shi. Hansai kuwa tana gefen tabarma tana jin Haladu yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi shiru daidai inda sunanta ya kamata ya shiga. Suna jin sa, ba ya jin su. Ya faɗa wa iska cewa mota ta zo ta koma, shi bai bi ta ba. Wata Juma'ar ya sake faɗin haka, wannan karon da tari a tsakanin kalmomi.

Zagin da Tanimu ya yi wa Sallau shi ya tsaya wa Ilu a rai. Tela ya san hannun wani ba na wani ba ne. Ya bi eriyoyin uku da tef ɗinsa, ya tarar kowace da tsawonta daban, alhali duk kamu ashirin da biyu ne. Haladu da nasa hannun yake magana, hannun kuma yana hamada. Ilu ya yi ta tunani har ya tuna wayar shanyar gidan su Hansai, wadda Haladu ya auna kamu goma da hannunsa. Da aka kwanto ta zai auna duka, sai Hansai ta ɗora yatsa a kan ƙullin ta ce a hankali, daga nan gyara ne.

Da aka samu awon, wayar Sallau ta gaza, babu kuma irinta a garin. Ya shiga rumfa ya kwance janaretonsa mai aiki, wanda haya da shi ke ciyar da gidansa, ya warware cikinsa.

Tanimu ya hau giginya biyu da ruwa ya jiƙa, ya ɗaura wayar a sama. Wajen saukowa daga ta biyun ya zame. Har yau da ɗingishi yake tafiya.

Juma'a ta zo, la'asar ta yi. Ilu ya kira, sai muryar Haladu ta amsa, siririya. Haladu ya tambaya ko Hansai tana nan, ko za ta jira shi. Aka miƙa mata abin magana, ta gyaɗa kai.

Tanimu daga kwance ya ce, "Ƙanwata, akwati ba ya jin gyaɗa kai. Kada ƙafata ta tafi a banza."

Ta danna abin maganar, ta ce, "Zan jira ka. Ko damina nawa ce, zan jira ka."

 Sai Haladu ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

"Na ji tun farko," in ji shi. "So nake in ƙara ji."

Zazzaɓin da ya zo da tarin nan bai bar Haladu ya ga mota ta uku ba, ya rasu. Abokin aikinsa ne ya kira Juma'ar da ta biyo, ya isar da wasiyya: a ba da akwatin ga wanda ya kawo masa muryarta. Wayar shanya tana nan a tsakar gidansu, Hansai ba ta yarda a shanya komai daga ƙullin zuwa ƙarshe.

Su ukun duk sun makara, babu kuma wanda ya miƙa hannu ga akwatin. Ba don jan ƙarfen Sallau ba, da muryar ba ta fita. Ba don hawan Tanimu ba, da ba ta tsallake tuddai. Ba don awon Ilu ba, da har yau ana gardama.

To, ku faɗa mini, wa ya kai wa Haladu muryar Hansai?